Cokalin Baba Ya Yi Shiru

SHAFI NA 23

Na ga ƙorafinku, masu cewa na tsayar da ku a bakin ƙofar Baba Mai Agogo na yi tafiyata. Ku yi haƙuri, hannuna ne ya yi nauyi a kan wannan shafin. Yau babu dariya, kuma duk mai tsoho a gida ya karanta a nutse.

*

Tela ta tura ƙofar da gwiwar hannu, saboda tiren abinci yana hannunta. Hucin da ya fito daga ɗakin ya mare ta a fuska. Ɗakin surukinta shi ne na ƙarshe a gidan, rufin kwano ne babu silin, ga shi tun hantsi aka ɗauke wuta, fankar sama ta tsaya cak.

"Baba, ga abinci."

Yana kwance rigingine, idonsa a rufi.

"Baba?"

"Ki ce masa ya dawo gobe," in ji shi, da wata murya kamar ba tasa ba. "Allurar agogon ce ta karye. Ban gama ba."

Shekara shida ke nan da Baba ya rufe shagonsa na gyaran agogo. Wata takwas kuma da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, amma ko sau ɗaya hankalinsa bai taɓa gushewa ba. Mutumin da yake gyara mata lissafin awo daga kan gado.

Ta dire tiren, ta kai bayan hannunta goshinsa, ta janye da sauri. Zafi rau, kamar ƙarfen guga. Abin da ya fi ba ta tsoro shi ne goshin a bushe yake ƙamas. Ita rigarta ta manne da bayanta don gumi, shi ko ɗigo babu.

"Innalillahi! Jama'a! Ku zo!"

Wadda ta fara shigowa ita ce Yaya Babba, yayar mijinta, wadda shigowarta gidan ke nan don gaida mahaifinta kamar yadda ta saba duk Asabar. Ta yar da jakarta a ƙofa.

"Me ya same shi? Me kika yi masa?"

"Yanzu na shigo na tarar da shi haka, Yaya."

Yaya Babba ta taɓa shi ta yi salati. "Zazzaɓi ne ya hau kansa. Miƙo bargo a lulluɓe shi ya yi gumi. Ba ni ruwan nan."

Ta tallabo kansa, ta kafa masa kofi a baki. Ruwan ya bi gefen bakinsa, ya sarƙe shi, ya hau tari mara ƙarfi.

"Ajiye kofin nan!"

Nas ce a bakin ƙofa, maƙwabciyarsu ta bayan katanga, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta yi ritaya amma bakinta bai yi ba. Ɗankwalinta a hannu, takalmi ƙafa ɗaya.

"Mutum bai san inda kansa yake ba ki ɗura masa ruwa? So kike ya tafi huhunsa? Ke kuma yar da bargon nan, gasa shi za ku yi?"

Ta durƙusa. Ta buɗe bakinsa ta duba harshen, ya bushe ya yi fari. Ta danna yatsu biyu a wuyan hannunsa, ta yi shiru tana sauraro. Ta tsunkuli fatar ƙirjinsa ta saki, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma ba.

"Wannan ba zazzaɓin sauro ba ne. Zafi ne ya buge shi, kuma ruwan jikinsa ya ƙare. Ku kama zanen gadon, mu fitar da shi daga tanderun nan. Tela, kin kira mijinki?"

"Yanzu zan kira."

"Ki ce ya zo da mota. Kar ya tsaya wanke hannu."

Su uku suka cicciɓe shi a cikin zanen, suka kai shi baranda inda inuwa take da ɗan iska. Nas ta kwantar da shi a gefensa, ta zare masa riga ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Tela ta kau da kai.

"Yau ba ranar kunya ba ce," Nas ta ce mata. "Ruwan randa, bokiti guda. Da duk wani ƙyalle da ke gidan nan."

Ƙyalle dai ba ya wuya a gidan mai ɗinki. Tela ta kwaso ragowar yadin mutane, har da wanda ta yanka da safe ba ta haɗa ba, ta tsoma su duka a bokiti. Nas ta riƙa shimfiɗa su a wuyansa, da hammatarsa, da matsematsinsa, tana yayyafa ruwa a ƙirjinsa. Ta miƙa wa Yaya Babba tiren abincin bayan ta juye kwanukan a ƙasa.

"Yi ta fifita. Kar ki tsaya ko hannunki zai cire. Ƙyallen da ya ɗumama a sake tsoma shi."

Na ɗan lokaci ba ka jin komai sai fat-fat ɗin tire da ɗigar ruwa a siminti. Sai Nas ta ɗago.

"Yaushe rabonsa da fitsari?"

Tela ta tsaya tana tunawa. A gidan nan an raba aikin Baba gida biyu. Mijinta, Kafinta, shi ke yi masa wanka da safe kafin ya fita, shi ke gyara shi da yamma. Tsakanin nan kuwa ita ce. Idan Baba yana bukata, sai ya buga cokali a jikin kofin ƙarfe, ta bar keken ɗinki ta zo ta miƙa masa robar da yake fitsari a ciki, ta fita, ta dawo ta ɗauke. Wani lokaci ba ta isowa da wuri, sai a canza shimfiɗa.

"Jiya da safe Baban yara ya ce ya yi ɗan kaɗan. Ya ce ja ne, kamar shayi."

"Da rana fa?"

"Da rana bai kira ni ba."

"Jiya kawai?"

"Kwana huɗu ke nan."

Hannun Nas ya tsaya a cikin bokiti.

"Kwana huɗu cikin wannan zafin, tsoho mai shan maganin hawan jini da ke sa fitsari, bai nemi roba ba. Kuma ba ki gaya wa kowa ba?"

"Na gaya." Muryar Tela ta yi ƙasa. "Na ce Baba ya samu sauƙi."

Haka ta faɗa kuwa. Ta faɗa wa mijinta da murna, ta faɗa wa Yaya Babba a waya. Shimfiɗa a bushe, cokali ya yi shiru, ɗinkin da ya taru mata ya ragu. Har sadaka ta yi niyya. Wallahi ban ga laifinta a nan ba, mutum nawa ne a cikinmu za su ga shimfiɗar majinyaci a bushe su ce alamar ciwo ce?

Yaya Babba ta daina fifita.

"Sauƙi? Sauƙin wa? Naki dai! Kin hana shi ruwa don kar ya dame ki!"

"Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ke za ki ji tsoron Allah! Kin samu keke kin manta da mutum a ɗaki kamar tsumma. Da ubanki ne..."

"Fifita!" Nas ta daka mata tsawa. "Ku yi faɗanku bayan ya rayu. Tela, je ki kwaso duk magungunansa, likita zai tambaya."

Tela ta koma ɗakin. Kofi shida take kai masa kullum, tun da zafin nan ya kama. Ita take cikawa da hannunta, kuma kullum a wofi take ɗauka, har ta ce masa, "Baba, sannu da ƙoƙari." Shi kuma ya yi murmushi da rabin bakinsa mai motsi. To ina ruwan yake tafiya?

Ta kwashe magungunan daga kan taga. A nan idonta ya faɗa kan gwangwanin fenti da ke gefe, wanda marigayiya matar Baba ta shuka na'ana'a a ciki. Duk shukar da ke tsakar gidan ta ƙone tun makon jiya, har wadda take bai wa ruwa safe da yamma. Wannan kuwa kore shar, ta yi sabon toho. Ita kuma ta san rabonta da zuba mata ruwa ya fi mako.

Ta tura yatsa cikin ƙasar. Ya nutse cikin taɓo. Ta ɗaga gwangwanin, ruwa ya tsiyayo ta ƙasansa, ya bar zoben tsatsa a kan taga. Tagar tana daidai inda hannun Baba na dama, mai lafiyar, yake kaiwa.

Sai ranar Talata ta faɗo mata.

Ranar wata mata mai gaggawa ta kawo ɗinki, Tela tana auna ta a baranda, tef a wuya, allura a baki. Cokalin ya buga sau ɗaya, ta je. Ya buga na biyu, ta je. Na uku, na huɗu. A na biyar tana tsakiyar auna kafaɗa, ta yi kuskuren lamba, sai kawai ta ja tsaki.

"Kai, wannan cokali!"

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta je ta yi masa abin da ya kamata, fuskarta a sake. Ta manta cewa tagarsa a buɗe take, tana kallon baranda, ta kuma manta cewa mutumin da ya yi shekara arba'in yana sa kunne a cikin agogo ba ya rasa ƙaramin sauti. Tun daga wannan yammar cokalin bai sake bugawa ba.

Ta dafe bango. Kuka ya ƙi fitowa.

A waje ta ji burkin mota, ta ji muryar mijinta yana salati, ta ji Yaya Babba ta tare shi tun daga ƙofa.

"Zo ka ga aikin matarka! Kwana huɗu ba ta ba shi ruwa ba!"

Tela ta dubi gwangwanin. In ta bar shi a nan, ta zama wadda ta hana tsoho ruwa har abada. In ta fita da shi, za a wanke ta, amma wani zai tambayi dalili. Ta sa cokalin Baba a cikin ledar magani ba tare da ta san me ya sa ba, ta rungumi gwangwanin ta fita.

Kafinta yana durƙushe a kan mahaifinsa, garin katako a gashinsa da girarsa. Ya ɗago ya dube ta. Shekara goma sha ɗaya da aurensu bai taɓa yi mata irin wannan kallon ba.

"Gaskiya ne?"

Ta karkata gwangwanin a gabansu. Ruwa mai laka ya zubo a siminti, ya yi ta zuba.

"Ga ruwan Baba," ta ce. "Kofi shida kullum. Ga inda yake zuwa."

Nas ta dubi ganyen, ta dubi tsohon, ta girgiza kai a hankali.

"Allah sarki, Mai Agogo," ta ce. Sai ta miƙe. "Ku ɗauke shi. A buɗe gilasan mota duka, a taho da bokitin. Za mu ci gaba da jiƙa shi har ƙofar asibiti."

*

A asibiti aka karɓe shi da gudu, aka rufe ƙofa, aka bar su a kan benci.

Nas ta sayo gorar ruwa ta miƙa wa Tela.

"Sha."

"Ba na jin ƙishi."

"Ban tambaye ki ba. Leɓenki ya tsage, tun ɗazu kina dafe kai. Haka yake farawa, ciwon kai, jiri, kasala, mutum ya ce gajiya ce. Kurɓa kaɗan-kaɗan. In kun koma gida ki haɗa ruwan gishiri da suga, lita guda, ƙaramin cokali shida na suga, rabin cokali na gishiri. Mai hankalinsa ake bai wa, ba wanda ya fita hayyacinsa ba." Ta harari Yaya Babba ta gefen ido.

Yaya Babba tana zaune a ƙarshen benci, tana murza bakin gyalenta. Can ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Bakina ya yi sauri ɗazu."

A wurin Yaya Babba wannan ban haƙuri ne cikakke, wanda ya san ta ya san ba za a samu fiye da haka ba.

Kafinta ya matso kusa da matarsa.

"Ki yafe min. Ko tambayar ma bai kamata in yi ba. Wata takwas kina ɗawainiya da shi, ko 'yar cikinsa iyakar abin da za ta yi ke nan. Ban taɓa jin kin yi ƙorafi ba, ko sau ɗaya."

Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi. Ta sunkuyar da kai, hawayen da suka ƙi zuwa ɗazu suka ɓalle. Shi kuma ya ɗauka na ɓacin rai ne, ya ci gaba da ba ta haƙuri.

"Ni ma ai na ga fitsarin ya canza," in ji shi. "Na ce maganin ne. Jiya ya ce min ƙafarsa na ɗaurewa, na ce kwanciya ce. Amma abin da ya ɗaure min kai, me zai sa Baba ya yi wa kansa haka? Mutumin da ko ƙwayar magani ba ya tsallakewa?"

"Na sha ganin irinsa," Nas ta ce. "Tsoho dama ba ya jin ƙishi kamar ni da kai, jikinsa ba ya yi masa ƙararrawa. In kuma ya ga ya zama kaya, sai ya fara rage wa mutane nauyi ta inda yake iyawa. Ba ya iya tashi, ba ya iya tafiya, amma yana iya ƙin sha."

"Wa ya ce masa ya zama kaya?"

"Ba sai an ce ba. Wani lokaci kallo ne. Wani lokaci kalma ɗaya."

Ba Tela take kallo ba da ta faɗi haka. Amma Tela ta ji kamar duk asibitin ita yake kallo. Ta damƙe ledar maganin, cokalin ya soke ta a tafin hannu.

Ta buɗe baki. "Baban yara..."

Ƙofa ta buɗe. Likita ce, wata doguwar mata mai tabarau.

"Su wa suka kawo tsohon nan?"

Duk suka miƙe.

"Wanda ya jiƙa shi a gida ya taimake shi. Da kun lulluɓe shi, da wata maganar muke yi yanzu. Zafin ya sauka, mun sa masa ruwa leda ta biyu ke nan, ya fara buɗe ido."

"Alhamdulillahi!" Yaya Babba ta ɗaga hannu.

"Ku tsaya tukuna. Ƙodarsa ta daɗe a bushe. Mun sa masa robar fitsari, za ku ga leda a rataye a gefen gado. In fitsari ya fara taruwa a cikinta kafin faɗuwar rana, ƙodar ta farka. In bai zo ba, zan sake kiran ku mu zauna."

"Mu zauna a kan me, likita?" Kafinta ya tambaya.

"Mu jira yamma. Ku shiga, amma kar ku cika shi da magana."

Suka shiga a jere. Baba ya ƙanƙance a kan farin gado, idanunsa sun faɗa ciki, allurar ruwa a hannunsa mai lafiya. Ba wanda ya fara duban fuskarsa. Duk idonsu ya tafi gefen gado, inda ledar take rataye.

Babu komai a cikinta. Ko ɗigo.

Kafinta ya riƙe ƙarfen gadon. "Baba, ni ne. Ka gane ni?"

Idon tsohon ya motsa. Ya wuce ɗansa. Ya wuce 'yarsa da ke kuka a gefen ƙafarsa. Ya wuce Nas. Ya yi ta nema har ya samu Tela, wadda ta maƙale a bayan kowa, kusa da ƙofa.

Leɓensa suka motsa.

"'Yata."

Haka yake kiran ta tun ranar da ta shigo gidan. Ta matso, ta durƙusa a gefen gadon.

"Na'am, Baba. Ga ni."

Hannunsa mai allura ya sauka a hankali, ya shafa zanen gadon a gefensa, ya sake shafawa, kamar mai neman wani abu. Sai rabin bakinsa ya yi ɗan murmushin nan.

"A bushe yake," ya ce. "Kin gani? Yau ma ban buga miki cokalin ba. Kar ki ƙara ɓata ranki."

Ledar maganin ta suɓuce daga hannun Tela, cokalin ya faɗo, ya yi ƙara a kan tayil.

Yaya Babba ta daina kuka.

Kafinta ya dubi cokalin a ƙasa. Ya dubi ledar da ke rataye a wofi. Sannan ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci matarsa.

"Yaushe kika ɓata rai?"